Shafin duba sakamako yana sumewa ranar da aka saki sakamako: ta ina za a fara?

Nura: Assalamu alaikum manyanmu. Ina neman shawara kan manhajar sakamako ta wata sakandare mai zaman kanta a nan Gusau. Da yaren PHP aka rubuta ta, rumbun bayananta MySQL ne, tana zaune a hostin na haɗaka, wato saba ɗaya da shafuka da yawa ke rabawa, mai allon sarrafawa na cPanel. Ɗalibai kusan 1,400 ne, kowane aji darussa 12, teburin maki kuma yana ɗauke da na shekara biyar, layi wajen 250,000. Ranar da aka saki sakamako shafin yakan yi nauyi, can sai ya fara nuna kuskure mai lamba 1203. Bayan wannan, a manyan azuzuwa makin wasu yara yana ɓacewa idan fom masta ya danna ajiyewa, kuma kusan kullum su Yusuf, Zainab, Zayyanu da Zulaihatu ne abin ke shafa. Sunaye da adireshi masu ƙ da ɗ suna fitowa a hargitse a takardar sakamako. Sannan wasu ɗalibai darasi ɗaya yana fito musu sau biyu. Saura mako uku a rufe zango.

Kabiru: Wa alaikumus salam. Wagga matsala ai sananniya ce. 1203 na nufin ka cika adadin haɗi da rumbun bayanai da mai hostin ya yarje ma asusunka a lokaci ɗaya, kuma kai ba ka da ikon ɗaga shi. Ka gaya ma mai makaranta ya fidda kuɗi a koma VPS, sabar da kai za ka sarrafa da kanka, mai RAM 4GB, ka kai max_connections, wato iyakar haɗin rumbun duka, 500, ka huta. Hostin na haɗaka ba na wanga aiki ba ne.

Injiniya Hadiza: Malam Kabiru, fassarar lambar daidai ne, amma a dakata da maganar ƙaura tukuna. Yawan haɗin da ke buɗe a lokaci guda lissafi ne mai sauƙi: iyaye nawa ke shigowa a daƙiƙa ɗaya, sau daƙiƙa nawa kowane shafi ke riƙe haɗinsa. In mutum biyar ke shigowa a daƙiƙa, shafi kuma yana cin daƙiƙa takwas, haɗi 40 ke nan a buɗe. In shafin ya koma cin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, ko haɗi ɗaya cikakke ba za a riƙe ba. Mutanen dai ba su ragu ba. Ɗaga max_connections kamar ƙara benci ne a wurin niƙa alhali injin ɗaya ne kuma dutsensa ya cinye. Za a samu wurin zama, gari dai ba zai fito da sauri ba.

Nura, kawo mana abu huɗu. Sakamakon SELECT VERSION(), sakamakon SHOW CREATE TABLE maki, tambayoyin SQL da shafin sakamako ke aikawa tun daga buɗewa har rufewa, da abin da EXPLAIN, umarnin da ke nuna hanyar da rumbu ke bi ya amsa tambaya, ya ce a kan mafi nauyinsu. In ka samu lokacin da shafin ke nishi, shiga phpMyAdmin ka buga SHOW FULL PROCESSLIST, ka duba kwalam uku, Command da Time da State. Tarin Sleep na nufin ana buɗe haɗi ana barinsa ba aiki. Sending data ko executing mai daɗewa na nufin tambaya ce ke jan ƙafa. Waiting for table level lock kuma labari ne na daban.

Nura: Na gode Injiniya. MariaDB 10.6 ce ashe, 'yar uwar MySQL. Ƙarshen teburin an rubuta ENGINE=MyISAM DEFAULT CHARSET=latin1, kuma fihirisa, wato index mai hanzarta nemo layi, ɗaya ce tak, ta kan id. Shafin yana ɗauko darussan yaro, sannan ga kowane darasi yana aika tambaya huɗu: maki mafi girma a aji, mafi ƙanƙanta, matsakaici, da matsayin yaron. EXPLAIN ya nuna type ALL, key NULL, rows kusan adadin teburin duka. Na gwada da abokai suna buɗewa lokaci ɗaya yayin da ake shigar da maki, sai ga Waiting for table level lock a jere.

Malam Sa'adu: To, an zo wurin. Darussa 12 sau tambaya 4, tambaya 48 ke nan a kan yaro ɗaya. Kowacce tana karanta layi 250,000 daga farko har ƙarshe saboda babu fihirisar da za ta bi. Layi miliyan 12 ake dubawa kafin uba ɗaya ya ga takardar ɗansa. Kuma MyISAM tebur sukutum take kullewa idan ana rubutu. Malami ɗaya da ke gyara maki a ofis sai ya jira masu karatu su gama, waɗanda suka shigo bayansa kuma su jira shi, layi ya taru.

Ga yadda zan bi, kuma jerin yana da muhimmanci.

Ka fara da ɗaukar kwafin rumbun gaba ɗaya, ka loda shi a wani sabon rumbu na gwaji. Kada a taɓa na aiki sai komai ya zauna a na gwajin. Daga nan ka nemo layukan da suka maimaitu:

SELECT dalibi_id, zango_id, darasi_id, COUNT(*) FROM maki GROUP BY dalibi_id, zango_id, darasi_id HAVING COUNT(*) > 1;

Inda layukan biyu makinsu ɗaya ne, share ɗaya. Inda suka sha bamban, kada ka yanke hukunci da kanka. Buga su a takarda ka kai wa jami'in jarrabawa ya duba littafin maki, ya sa hannu a kan wanda za a bari. Makin ɗan mutane ne, gobe in uba ya zo da ƙorafi a samu takardar nunawa.

Bayan an tsabtace sai waɗannan, ɗaya bayan ɗaya, na farkon zai mayar da teburin InnoDB wadda layi take kullewa ba tebur sukutum ba:

ALTER TABLE maki ENGINE=InnoDB;
ALTER TABLE maki ADD UNIQUE KEY daya_tak (dalibi_id, zango_id, darasi_id);
ALTER TABLE maki ADD INDEX na_aji (zango_id, aji_id, darasi_id, jimla);

In na biyun ya dawo da kuskure 1062, akwai sauran maimaici da ba ka kwashe ba. Lura da yadda na jera kwalam ɗin. Fihirisa mai kwalam da yawa daga hagu ake cin moriyarta. A fihirisa ta farkon, daya_tak, na sa ɗalibi da zango a gaba ne domin shafin sakamako da su yake tambaya, ka ga ta hana maimaici kuma ta hanzarta shafin. Ta biyun, na_aji, tana sa MAX da MIN da AVG na aji su samu amsarsu daga cikin fihirisar ba tare da sun leƙa teburin ba. Ka sake EXPLAIN, ya kamata type ya koma ref, rows kuma ya sauko zuwa yawan 'yan aji.

Malama Rabi: Kafin ku nitse cikin fihirisa, Nura, fom ɗin fom masta gurbi nawa ne a kan kowane yaro, kuma aji mafi girma yara nawa ne? Sunayen kuma a jere suke bisa haruffa?

Nura: Gurbi 14 ne ranki ya daɗe: lambar ɗalibi, darussa 12, da tsokacin malami. Ajin da ya fi yawa yara 80. Eh, bisa haruffa aka jera.

Malama Rabi: To rumbun bayanai ba shi da laifi a nan, makin bai ma iso gare shi ba. PHP tana da saiti mai suna max_input_vars, kuma asalinsa 1000 ne. Gurbi 14 sau 80 ya ba da 1,120. Idan fom ya haura dubu, PHP takan karɓi na farko ta zubar da sauran, ta rubuta gargaɗi a kundin kurakurai, shafin kuma ya ci gaba kamar ba abin da ya faru. Yara 71 sun cinye gurbi 994, na 72 zai samu rabi, daga na 73 zuwa ƙasa babu komai. Shi ya sa Zainab da Zayyanu ke shan wahala, su ne a ƙasan jeri. Buɗe error_log ka nemi Input variables exceeded 1000, za ka gan shi.

Ba a gyara shi da ini_set a cikin kod, domin kafin kod ɗinka ya fara gudana an riga an yanke. Sai dai a MultiPHP INI Editor na cPanel, ko a fayil ɗin .user.ini ka rubuta max_input_vars = 3000. In ta .user.ini ka bi, ka ba shi minti biyar, PHP ba ta sake karanta fayil ɗin nan take. Amma ni a ganina wannan toshe ɓaraka ce kawai. Raba fom ɗin ya zama yara 20 a kowane shafi, ko darasi ɗaya a lokaci ɗaya. Malamin da ke shigar da maki da waya daga Damba ko Tudun Wada, sabis ya yanke masa a yaro na 60, ba zai so ya faro daga farko ba. Kuma ka sa gurbi ɗaya ɓoyayye a can ƙarshen fom. In bai iso ba, ka ƙi ajiye komai, ka faɗa wa malamin fom bai iso cikakke ba.

Mu'azu: Wannan na ƙarshen shi ne maganin. Kuma sabis ɗin nan shi ne tushen maimaicin da Malam Sa'adu ya sa a kwashe. Malami ya danna ajiyewa, shafi ya tsaya yana juyi, ya sake dannawa, alhali na farkon ya riga ya isa. Kashe maɓalli da JavaScript yana ragewa amma ba ya hanawa, tunda mutum na iya sabunta shafi. Yanzu da za a sa UNIQUE, sai a mayar da rubutun INSERT ... ON DUPLICATE KEY UPDATE, ta yadda aikawa sau goma da aikawa sau ɗaya sakamakonsu ɗaya ne. Bayan an ajiye kuma a tura burauza wani shafin da lambar 303, don sabuntawa kada ta sake aika fom. Duka makin shafi ɗaya su shiga cikin tiranzakshin guda, wato ko su shiga duka ko kada ko ɗaya ya shiga, beginTransaction a farko, commit a ƙarshe. Wannan ma sai an koma InnoDB yake aiki. A MyISAM za ka kira rollBack, amma layukan da suka shiga suna nan daram.

Kabiru: Na ji, kuma lissafin Injiniya shina kan hanya. Amma mi za ku ce game da ranar sakamako kanta? Mai makaranta ya jefa saƙo a guruf ɗin iyaye na WhatsApp da ƙarfe huɗu, cikin minti goma mutum ɗari biyar sun danna. Hostin na haɗaka shina da wasu iyakokin ban da na haɗi, akwai na CPU da na yawan aikin PHP da ke gudana lokaci guda. Ko tambayoyin sun yi sauri, har yanzu 48 ne a kowane shafi.

Malam Sa'adu: Gaskiyarka Kabiru, shi ya sa 48 ɗin ma ba za su zauna ba. Sakamakon zango abu ne da ake lissafawa sau ɗaya a karanta sau dubu. Me ya sa za a sake lissafa matsayin yaro duk lokacin da gwaggonsa ta buɗe shafi? A yi maɓallin sakin sakamako a ɓangaren jami'in jarrabawa. Idan ya danna, a lissafa komai na ajin a zuba a tebur biyu, ɗaya na taƙaitawar darasi a aji, ɗaya na matsayin kowane yaro. MariaDB tun daga 10.2 tana da RANK, MySQL kuma daga 8.0, don haka tambaya ɗaya ta wadatar:

SELECT dalibi_id, darasi_id, RANK() OVER (PARTITION BY aji_id, darasi_id ORDER BY jimla DESC) AS matsayi FROM maki WHERE zango_id = ?;

Shafin iyaye sai ya koma tambaya biyu ko uku da JOIN. Ka tambayi makarantar yadda suke yi idan yara biyu suka yi kunnen doki. RANK zai ba da na 1, na 1, na 3. DENSE_RANK zai ba da na 1, na 1, na 2. Kowace makaranta da al'adarta, kuma iyaye sun fi lura da wannan gurbin fiye da duk abin da ke takardar.

Mu'azu: Malam, a nan ina da ja. Duk abin da aka lissafa aka ajiye, wata rana zai saɓa da asalinsa. Malamin lissafi ya gano ya ba yaro 47 maimakon 74, ya gyara bayan an saki. Jimla ta canza, matsayi bai canza ba, sai ka ga mai 74 yana ƙasan mai 60. Da fihirisar da ka bayar, RANK a kan aji mai yara 80 ba wani aiki ba ne. Ni da zan bar shi a lissafa kai tsaye, a rage tambayoyin su koma uku, a zauna lafiya.

Malam Sa'adu: Ai gyara bayan saki bai kamata ya zama abin da kowane malami zai yi shiru daga wayarsa ba. Da zarar an saki, a kulle ajin. Mai son gyara ya bi ta jami'in jarrabawa, a buɗe, a gyara, a sake lissafa wannan ajin kaɗai a cikin tiranzakshin ɗin da aka yi gyaran, a rubuta wanda ya gyara da tsohon maki da sabo a wani tebur. Akwai kuma wani dalili. Yaro ya bar makaranta an cire shi daga aji, ko an mayar da shi wani ajin. In kai tsaye ake lissafi, takardar zangon bara da aka buga yau za ta saɓa da wadda uba ke riƙe da ita a gida.

Injiniya Hadiza: Hujjar ƙarshen nan ta fi ta sauri ƙarfi, kuma ita ta sa na karkata wajen Malam Sa'adu. Ta fuskar sauri kuwa Mu'azu bai yi kuskure ba. Nura, mako uku gare ka, don haka ka fara da fihirisa da rage tambayoyi, ka auna da microtime a farkon shafi da ƙarshensa. Teburin matsayi ya biyo baya in lokaci ya bari.

Malam Kabiru, ban ce VPS haramun ba ne. Amma wanda ya koma can shi ne zai riƙa sabunta saba, ya kula da katangar tsaro, ya tsara ajiyar ko-ta-kwana, ya tashi da dare in ta mutu. In an je ɗin ma ba 500 za a rubuta ba. Ana duba RAM ɗin da ya rage bayan na rumbu, a raba da abin da aikin PHP ɗaya ke ci, abin da ya fito shi ne pm.max_children, iyakar ayyukan PHP da za su gudana lokaci guda. In 2GB ya rage kuma kowanne na cin 50MB, 40 ke nan. Aikin PHP 40 ba za su buƙaci haɗi fiye da 40 ba in kod ɗin haɗi ɗaya yake buɗewa, ka ga 151 ɗin da ke zuwa da rumbun a matsayin max_connections ma ya yi yawa. Abin da ya fi cancanta a ɗaga shi ne innodb_buffer_pool_size, wato RAM ɗin da InnoDB ke riƙe bayanai a ciki, wanda asalinsa 128MB ne kacal.

Nura, ka duba abu biyu kuma. Kada a ce kowane aiki a kod ɗin yana buɗe haɗinsa da new PDO, haɗi ɗaya ya isa shafi ɗaya. In kuma an kunna ATTR_PERSISTENT, kashe shi, a hostin na haɗaka shi ke tara Sleep har a cika ƙa'ida. Hotunan fasfo fa, a ina suke?

Nura: A teburin ɗalibai suke, kwalam na LONGBLOB.

Injiniya Hadiza: Fitar da su zuwa fayil, ka bar sunan fayil kawai a tebur, ka rage girmansu tun wajen lodawa. Duk SELECT * a kan teburin nan yana jawo hotuna ko ba a buƙace su ba. Su ne kuma ke sa loda kwafi ya tsaya da kuskure 2006 idan layi ya fi ƙarfin max_allowed_packet.

Mu'azu: Saura haruffa. Nura, yaya suke fitowa? Alamar tambaya ce, ko wasu baƙaƙe ne irin Æ™ da É—?

Nura: Akasari irin na biyun. Ƙaura tana fitowa da wasu alamomi a farko. Amma akwai 'yan kaɗan masu alamar tambaya.

Mu'azu: To akasarinsu za su dawo. Harafin ƙ a UTF-8 bait biyu ne, C6 da 99. Teburinka latin1 ne, bait ɗaya harafi ɗaya, shi ya sa yake karanta C6 a matsayin Æ, 99 kuma ™. Bayanan suna nan lafiya, lakabin da ke kansu ne ba daidai ba. Tabbatar da SELECT suna, HEX(suna) a kan wani suna mai ƙ. In ka ga C699, magana ta tabbata.

A nan ake yin ɓarna. Kada ka buga CONVERT TO CHARACTER SET utf8mb4 kai tsaye a kan irin wannan tebur. Zai ɗauka Æ da ™ ɗin da gaske ake nufi, ya adana su a haka, C699 ya koma C386E284A2. Hanyar ita ce ka fara mayar da rubutun tsirarar bait, mataki biyu ga kowane kwalam na rubutu:

ALTER TABLE dalibai MODIFY suna VARBINARY(255);
ALTER TABLE dalibai MODIFY suna VARCHAR(255) CHARACTER SET utf8mb4 COLLATE utf8mb4_unicode_ci;

In kwalam ɗin NOT NULL ne ka maimaita shi a duka biyun, MODIFY yakan zubar da abin da ba a ambata ba. Kafin ka fara, nemo layukan da aka shigar da ainihin latin1, misali daga tsohon fayil na Excel, don mataki na biyu zai yi tuntuɓe da su. A daidai lokacin da ka yi wannan a rumbun aiki, ka sa charset=utf8mb4 a layin haɗin PDO, shafukan kuma su ɗauki meta charset na UTF-8. In ka gyara tebur ka bar haɗi, sababbin sunaye za su ci gaba da lalacewa. Masu alamar tambaya kuwa, in HEX ya nuna 3F, harafin ya tafi tun ranar da aka shigar. Sai dai a sake bugawa daga rajista.

Takardar PDF kuma in ka ga akwati a gurbin ƙ bayan duk wannan, to rubutun da aka zaɓa ne ba shi da harafin. Sa DejaVu Sans, yana da ƙ da ɗ da ɓ, har da alamar ₦.

Malama Rabi: Ƙari a kan na Mu'azu, wajen nema. Sakatare zai buga Kaura da k, a rumbu kuma Ƙaura ce. Gwada SELECT 'k' = 'ƙ' COLLATE utf8mb4_unicode_ci. Sifili zai ba ka, domin haruffa biyu ne mabambanta. Ka ƙara kwalam na nema, inda kod zai mayar da ƙ zuwa k, ɗ zuwa d, ɓ zuwa b, ya mai da komai ƙananan baƙi, ya cire alamar ɗauri irin ta cikin Sa'adatu. Abin da aka buga a akwatin nema ma a bi da shi ta wannan matatar. Alamar ɗaurin nan iri uku ce ke yawo, miƙaƙƙiya ta allon kwamfuta, lanƙwasasshiya da waya da Word ke sakawa da kansu, da ta uku da wasu allunan Hausa ke bayarwa. A ido ɗaya suke, a rumbu Sa'adatu uku ce daban.

Mu'azu: Tunda an taɓo masu irin sunana, Nura gwada shigar da ɗalibi mai suna Ya'u ko Ma'aruf. In ka ga kuskure 1064, ko ka tarar ana amfani da addslashes, to ana liƙa rubutun mutane kai tsaye cikin SQL. Ƙofar da Ya'u ke karyawa ba da niyya ba, ita ce mai niyya zai bi ya kwashe teburin fin ɗin katin duba sakamako. Kowace tambaya mai ɗauke da abin da mutum ya buga ta bi ta prepare da execute, da alamar tambaya a gurbin ƙima. Sunan kwalam da ake jerawa da shi a ORDER BY ba ya shiga ta wannan hanya, shi sai a tantance shi da jerin sunayen da ka amince da su.

Kabiru: Awo. Kuma tunda an ambaci kati, a duba yadda ake ƙirga amfani da shi. In ana karantawa da SELECT sannan a ƙara da UPDATE, mutum biyu na iya shiga tare su wuce ƙa'ida. A haɗe shi wuri ɗaya:

UPDATE kati SET amfani = amfani + 1 WHERE fin = ? AND dalibi_id = ? AND amfani < 5;

In rowCount ya ba da 1 a buɗe mai, in sifili a hana. Amma kada a ƙirga kowace sabuntawa. A riƙe a zaman mai shiga, wato session, cewa an riga an cire mai ɗaya, in ba haka ba uwa da ke Mafara da sabis mai yankewa za ta cinye katinta kaf ba ta ga komi ba.

Injiniya Hadiza: Da kyau Malam Kabiru. Na ƙarshe daga gare ni: in adireshin shafin yana ƙarewa da id=512, canza shi zuwa 513 ka gani. In sakamakon wani yaro ya buɗe, wannan ya fi duk abin da muka tattauna gaggawa. Lambar ɗalibi daga zaman mai shiga za a ɗauko ta bayan an tantance kati, ba daga adireshi ba. Bayanan yara ne, kuma akwai dokar kare bayanai ta ƙasa ta 2023 da ta hau kan makarantar.

Nura: Allah ya saka da alheri baki ɗaya. A rumbun gwaji na kwashe maimaici, na koma InnoDB, na sa fihirisa biyun. EXPLAIN yanzu ref yake nunawa, rows 80. Shafin da ke cin daƙiƙa bakwai ya koma ƙasa da rabin daƙiƙa, tun ma ban rage tambayoyin ba. Gargaɗin max_input_vars ma na same shi a kundin. Sunaye sun dawo, sai goma sha wani abu masu 3F. Wani abu kuma ya ɓullo: lambar wayar iyaye kusan duka 2147483647 take nunawa.

Malam Sa'adu: Madalla. Ranar da za ka yi a rumbun aiki, ka zaɓi dare, ka rufe shiga, ka ɗauki sabon kwafi. Bayan an koma InnoDB sai ka sa cron, mai gudanar da aiki da kansa a kan lokaci, ya riƙa ɗaukar kwafi da mysqldump --single-transaction kullum, a riƙa tura fayil ɗin wani wuri da ba wannan sabar ba. Sau ɗaya a wata ka loda shi a rumbun gwaji ka ƙirga layukan maki, ka ga ko sun yi daidai da na aiki.

Malama Rabi: Lambar wayar kuwa, kwalam ɗin INT ne. INT na adadi ne, kuma mafi girman adadin da INT na yau da kullum ke ɗauka shi ne 2147483647. Lambar wayarmu alƙaluma 11 ce, sifilin farko ya faɗi tunda adadi aka ɗauke su, goman da suka rage kuma suna farawa da 7 ko 8 ko 9, duk sun haura iyakar. Da yanayin tsanani na rumbun, wato strict mode, a kunne yake, da ya ƙi karɓa da kuskure 1264. Da yake a kashe yake, sai ya datse kowacce zuwa iyakar ya yi shiru. Ba za su dawo ba, sai an sake karɓa daga fom ɗin shiga makaranta ko a aika yara da takarda gida. Mayar da kwalam ɗin VARCHAR(15), ka zaɓi siga ɗaya, ko mai farawa da 0 ko mai farawa da 234, kod ya riƙa cire tazara da alamar tarawa kafin ya ajiye. Kada ka sa masa UNIQUE, uba ɗaya na iya samun 'ya'ya shida a makarantar. Sannan ka buga SELECT @@sql_mode, in babu STRICT_TRANS_TABLES a ciki, ka sa shi da SET SESSION nan da nan bayan buɗe haɗi, ka bi duka fom-fom ɗin a rumbun gwaji ɗaya bayan ɗaya, don wasu da ke wucewa a da za su fara ƙin shiga.